Yaƙin Balbela a Layin 'Yan Rediyo

Da sunan Wanda ya halicci mai saye da mai sayarwa, ya sanya gardama a tsakaninsu domin kasuwa ta ci. Bayan haka, wannan shi ne tarihin gwarzon maza, sadaukin shaguna, Malam Sammani ɗan Barmo, ɗan Tanimu Mai Sikeli, ɗan Jatau Baƙin Fatake, wanda ya je Gwanja sau tara a ƙasa, ya dawo sau tara da goro, ba a taɓa jin ya yi wa wani ragin ƙwaya ɗaya ba, ko da surukinsa ne. Shi kuwa Tanimu, masu riwaya sun haɗu a kan cewa ya taɓa cinikin jaki guda tun daga hantsi har magariba, har jakin ya gaji ya kwanta, mai jakin ya zauna a kansa, su biyun suka sallama tare. Barmo kuma, a faɗar 'ya'yansa, shi ne ya sayar wa kurma rediyo, kurman ya dawo bayan sati ya ƙara wata.

Daga wannan tsatso mai daraja Sammani ya fito. Sammani na Lantana, ƙaya a tafin ƙafar mai neman ragi. Rijiya gaba dubu, guga ya gaji igiya ta ƙare. Tsamiya mai ɓata fuskar mai taya. Mai shago na huɗu a layin 'yan rediyo na Sabon Garin Zariya, shekara ashirin da biyu ba a ga bayansa ba, sai dai in zai tafi masallaci.

To, amma zamani riga ne, kuma ya juya. Jama'a suka koma jin labaran duniya a wayar hannu, rediyoyin Sammani suka tsufa a kan kanta, jere kamar dattawa a zaman makoki, kowace ta ɗaga eriyarta sama kamar mai neman izinin magana. Maƙwabtansa biyu kuwa, samari ne da aka haifa yana kallo, sun daɗe da yin hijira daga rediyo zuwa na'urorin gem, wato akwatunan nan da ake haɗawa da talabijin, mutum ya ci ƙwallo goma bai tashi daga kan tabarma ba. A hagunsa akwai Haladu, mai murmushin da ba ya nufin alheri, yana sayar da wata baƙa mai kusurwa huɗu da 'yan layi suka raɗa wa suna Baƙin Dutse. A damansa akwai Lawwali, mai baki kamar lasifikar tasha, yana sayar da wata ƙarama da ake kira 'Yar Aljihu. Masu saye su shiga hagu, su shiga dama, su tsallake tsakiya kamar kwata.

Ana nan sai labari ya iso cewa wata sabuwa ta sauka a Kano, fara, doguwa, wadda ba wanda ya taɓa kawo irinta layin. Jinin fatake ya motsa. A ranar Asabar, bayan la'asar, Sammani ya ja ingarman ƙarfensa, jan babur ɗin da yake kai shi shago daga Tudun Jukun, yake kai yara makaranta, yake kai Lantana unguwa tun tana amarya, ya tsayar da shi gaban Ɗayyabu mai faci a bakin gada. Ɗayyabu ya saya dubu ɗari huɗu. Da ya ga yadda mai babur yake shafa tankin mai kamar mai sallamar ɗa, sai ya yi masa sharaɗi na mutunci: in ya zo da ƙafarsa da kuɗin nan kafin a kira la'asar ɗin Asabar mai zuwa, babur nasa ne, ba ƙarin ko kwabo. In kuwa ladan ya riga shi, akwai wani mutumin ƙauye da ke jira.

Lantana, da ta ji, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa jin wanda ya sayar da ƙafafunsa ya sayi abin wasan yara ba, amma ai ana girma ana ganin abubuwa. Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ran Lahadi sadauki ya kwashe dubu hamsin ɗin da suka rage a durowar shago ya haɗa, ya yi wa Kano tsinke, ya dawo da ganima rungume a ƙirji a kujerar bayan mota, bai yarda an sa ta a but ba. Ran Litinin ya share tsakiyar kanta, ya ture dattawan rediyoyi gefe, ya kafa ta. Tana tsaye fara sol, wuya a miƙe. Kafin azahar layi ya sa mata suna Balbela.

A nan ne yaƙi ya soma, domin tuta ta tashi amma ba a san kuɗinta ba. Ya san abin da ya biya, dubu ɗari huɗu da hamsin. Abin da bai sani ba shi ne nawa abokan gaba suke sayar da nasu, kuma mayaƙin da bai san tsawon mashin abokin karonsa ba, makara yake nema. Ya tambaye su kai tsaye kuwa, wannan ƙasƙanci ne da jikan Tanimu ba zai ɗauka ba.

Saboda haka ran Talata ya ɗaura ɗamarar leƙen asiri. Ya naɗa rawanin marigayi Barmo har ya rufe haɓa, ya cire tabaransa na ƙara gani ya sa a aljihu, ya maye gurbinsa da wani baƙi wuluk da ya aro wurin mai agogo. Tsakanin ƙofarsa da ta Haladu taku bakwai ne. Amma dabarar yaƙi ta hukunta ya fita ta baya, ya ratsa 'yan kwanuka, ya keta 'yan tumatir, ya sha zagin mai baro sau biyu, ya ɓullo ta ƙarshen layin yana ɗingishi irin na baƙon da ya sha tafiya. Ya tsaya gaban shagon Haladu, ya shaƙe murya, ya yi sallama kamar daga cikin randa.

"Baba Sammani," in ji Haladu, "mura ce?"

Malaman tarihi sun yi saɓani a kan abin da ya tona asirin. Wasu sun ce takalmin ne, wasu sun ce tarin. Mafi ingancin zance shi ne ba a taɓa samun asirin ba balle a tona. Sai dai gwarzo ba ya juyawa daga bakin daga. Ya ci gaba da muryar randa, ya tambayi kuɗin baƙar nan. Haladu ya ce ai ga shi nan a rubuce a gabansa. Sammani ya duba, ya ga wani fari-fari da baƙi-baƙi kamar kashin tsuntsu a bango. Dole ya ɗaga baƙin tabarau zuwa goshi, ya lalubo na gaskiya daga aljihu, ya sa, a gaban jama'a. Ashe wani gutsuren kwali ne aka jingina, an rubuta da manyan baƙaƙe: dubu ɗari huɗu da tamanin, da hannu biyu. Hannu shi ne abin da mai wasa yake riƙewa yana latsawa. Kwalin nan ya fi wata uku a wurin, yana kallon titi.

Lawwali kuma, ba wanda ya tambaye shi, ya leƙo daga can ya sanar da layi duka cewa tasa ɗari huɗu da talatin ce, in Baba yana so a rubuta masa a takarda kada ya manta. Sadauki ya yi taku bakwai ya shige shagonsa. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Ran Laraba da safe aka yi zaman shura a tsakar gida, kan koko da ƙosai. Mahalarta su ne Sammani, da Lantana, da littafin da ya zo cikin kwalin Balbela, wanda aka rubuta da harsuna goma sha ɗaya, babu Hausa, kuma abin da aka iya fahimta a cikinsa hoto ɗaya ne mai nuna kada a zuba mata ruwa. Sammani ya jera rundunonin uku da ƙosai. Baƙin Dutse tana da hannu biyu. 'Yar Aljihu tana aiki ko an ɗauke wuta. Balbela kuwa, ya lalubi falalarta, ya ce fara ce, doguwa ce, kuma ba ta kowa sai tasa. In ya haura kuɗin Haladu, masu saye za su zarce hagu. In ya sauko kusa da na Lawwali, ya ci uwar kuɗi. In ya yi araha da yawa a ce jabu ce, in ya yi tsada a ce tsufa ya fara taɓa shi. Ya yi ta matsar da ƙosai gaba da baya har koko ya huce. Daga ƙarshe ya yanke: ɗari huɗu da saba'in da biyar. Ƙasa da Haladu da biyar don ya ji a jikinsa, sama da Lawwali da nisa don ya san matsayinsa.

Lantana ta cinye ƙosan da ke wakiltar Haladu, ta ce to ya samu kwali ya rubuta mana, kamar yadda yaran suke yi. Sammani ya dube ta duban wanda aka ce ya fita daga ba riga. Ya ce a gidansu, wanda ya faɗi kuɗi ya faɗi. Mai saye ne yake tayawa, mai kaya ya ji, ya auna. Ya kulle farashin a ƙirjinsa, ya ɗauki hula, ya kama hanyar Sabon Gari a ƙasa. A bakin gada Ɗayyabu ya wuce shi a kan jan babur, ya danna masa oda ta gaisuwa.

Alhamis da Juma'a aka yi su cikin ƙananan hare-hare. Ɗalibai suka zo ayari-ayari, suka ɗauki hoto da Balbela, suka taya kuɗin da ko kwalinta ba zai saya ba. Albarka. Wani mai gidan burodi ya ɗauka na'urar sanyaya ɗaki ce, ya taya dubu goma sha biyu. Albarka. Wani dattijo ya tambaya ko tana kama tashoshin waje, aka ce ba ta kamawa, ya ce to ya taya dubu uku don farinta. Albarka. Lawwali, wanda ba shi da aikin da ya fi sa ido, ya ƙirga albarka arba'in da ɗaya a kwana biyun nan, har ta kai mai saye bai gama buɗe baki ba kalmar ta riga ta fito, santsi, kamar takobin da ya saba da kube. Kullum da yamma sadauki ya taka zuwa Tudun Jukun, diddige na tsagewa, kullum Lantana ta yi masa sannu da zuwa ba ta tambaye shi komai ba, wanda ya fi tambayar ciwo.

Sai ga Asabar, ranar da alƙalami yake rawa in zai rubuta ta. Hantsi ya wuce ba kowa. Aka yi azahar aka dawo ba kowa. Inuwar rumfa ta fara rarrafowa zuwa tsakiyar titi, Sammani yana kallonta kamar mai kallon ambaliya tana nufo gonarsa. Yana cikin lissafin yadda zai gaya wa yara cewa daga yau makaranta da ƙafa ake zuwa, sai wata mata ta tsaya a ƙofa, da mayafi ruwan toka da makullin mota a hannu. Dakta Saude ce, malamar lissafi a jami'a, mace mai magana kamar ana biyanta kuɗin yin shiru. 'Yan biyunta mata sun ci jarrabawa, ta yi musu alkawari, su kuma sun nuna mata hoton farar, sun ce ita ko babu.

"Malam, nawa ce?"

Sammani ya gyara zama, ya kau da kai gefe kamar wanda bai damu ba.

"Taya, Hajiya."

Ta ce ita ba ta iya wannan ba, kuma ba ta da lokacin koyo. Ta riga ta bincika abin da ya kamata, za ta faɗa sau ɗaya, in ya yi masa to, in bai yi ba ba rigima.

"Dubu ɗari biyar."

"Albarka."

Ya ku masu hankali, ku tsaya a nan ku yi tunani a kan raunin ɗan Adam. Kunne ya ji, ya tashi manzo da gaggawa zuwa ga zuciya cewa an taya sama da abin da aka kulle a ƙirji da dubu ashirin da biyar. Amma hanyar kunne zuwa zuciya tana da nisa, ta harshe zuwa leɓe kuwa taku ɗaya ce. Kafin manzo ya isa, kibiya ta bar baka. Albarka ta arba'in da biyu ta fita da kanta, ba da izinin mai gida ba.

Dakta Saude ta gyaɗa kai. "To, Allah ya kawo kasuwa," ta ce, ta juya hagu.

A layin akwai doka da ta girmi rufin kwanonsa: mai saye in ya sa ƙafa a dakalin maƙwabcinka, ya haramta gare ka, ko ɗan'uwanka ne ciki ɗaya. Taku bakwai ke nan tsakanin Sammani da halaka, kuma ta riga ta ci biyu. Ya zabura. Hannun babbar rigarsa ya sarƙe da eriyar wata tsohuwar rediyo, ita kuma ta riƙo ta kusa da ita, ta kusa ta jawo ƙawarta, rundunar dattawa duka ta rufto daga kanta da ƙara irin ta rushewar ganuwa. Ɗaya daga cikinsu, da ta sha ƙasa, ta farfaɗo daga suman shekara shida ta kama tasha, ta fara miƙa gaisuwa ga mutanen wani ƙauye da fatan suna lafiya. Sadauki ya tsallake gawawwaki, ya bar takalmi ɗaya a fagen fama, ya faɗo titi yana jan rediyo a hannun riga, ya saki kururuwar da ta tayar da tantabarun kan rufi.

"Hajiya, na sallama! Na sallama!"

A nan ma masu riwaya sun rabu biyu. Haladu ya rantse cewa babban yatsanta ya taɓa dakali. Lawwali, wanda ya gani da idonsa kuma ya ba da labarin sau ɗari kafin magariba, ya ce ƙafar tana sama, tsakaninta da siminti akwai kamar kaurin ƙosai. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne, ko ƙafa ba ta shiga ba, ido ya shiga, ya kuma karanta kwali.

Ta dawo da ƙafarta, ta dubi mutumin da ke gabanta, hula a karkace, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ta ce nan an rubuta ɗari huɗu da tamanin da hannu biyu, tasa hannu nawa gare ta? Ya ce ɗaya, da muryar da ba ta buƙatar randa. Ta ce hannu ɗaya a gidan 'yan biyu ba kyauta ba ce, shari'a ce, kuma ita ba ta da niyyar zama alƙali a ƙarshen mako. Ba ta janye maganarta, ɗari biyar ɗin tana nan, amma da hannu biyu.

Sammani ya dubi gabas ya dubi yamma. Kano tana da nisa, la'asar tana kusa. Sai ya ji wani ɗan tari mai ladabi daga hagu. Haladu ne, ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya fito da wani farin hannu sabo fil a ledarsa, irin na Balbela sak. Ya ce tun ran Litinin da ya ga tana da hannu ɗaya tausayinta ya kama shi, ya aika aka sayo mata.

Jikan Tanimu ya tambaya nawa ne.

"Taya, Baba."

Ya taya ashirin. Haladu ya ce albarka, a hankali, yana jan kalmar kamar mai shan zuma. Ya taya talatin, albarka. Ya dubi inuwa, ta haye rabin titi. Dakta ta dubi agogonta. Cinikin da a ranar lafiya zai kai su isha'i aka gama shi a numfashi biyar, a kan arba'in da biyar, Haladu yana cewa saboda Baba ne, da wani ne ko hamsin ba zai saurara ba.

Dakta Saude ta tura kuɗi ta waya, aka ɗora mata Balbela a mota, ta tafi ba ta san ta ratsa tsakiyar tarihi ba. Sammani ya sallami Haladu, ya jefa wa Lawwali makullin shago, ya zura takalmi, ya tare ɗan acaɓa na farko da ya gani. Ɗan acaɓan ya dubi gumin da ke fuskarsa, ya faɗi kuɗi ninki biyu. Kuma a nan marubucin gaskiya ba shi da ikon ɓoyewa: Sammani ɗan Barmo ɗan Tanimu ya ce muje, bai nemi ragin ko sisi ba.

Suka iso bakin gada daidai lokacin da ladan yake ƙwanƙwasa lasifika da yatsa don ya ji ko tana aiki. Mutumin ƙauye yana tsugune kusa da jan babur, yana latsa taya. Sadauki ya diro tun acaɓa bai gama tsayawa ba, ya miƙa waya ga Ɗayyabu, kuɗi suka shiga, sannan ladan ya ja numfashi ya fara. Ɗayyabu ya ce ikon Allah, saura ƙiris, ya zaro makulli daga aljihu. Mutumin ƙauye ya tashi ya kaɗe riga.

Bayan an idar da salla, gwarzo ya hau ingarmansa a gaban shaidu, ya gyara hula, ya taka. Babur ya yi tari. Ya sake takawa, ya sake tari, ya yi shiru. Ya buɗe tanki ya leƙa, ya ga ƙasansa a bushe kamar rijiyar bazara, domin Ɗayyabu mutum ne mai yawan zumunci, kuma satin nan ya sada shi sosai. Abin da ya rage na riba, in an cire kuɗin motar Kano da na ɗan acaɓa, bai kai a buɗe wa mai gidan mai baki ba, uwar kuɗi kuwa ba a taɓa ta.

Haka mai nasara ya shiga Tudun Jukun gab da magariba, yana tura abin hawansa, gumi har ƙugu, kai a sama. Ya turo shi cikin gida, ya kafe shi a tsakar gida inda kowa zai gani, ya tsaya kusa da shi yana jiran abin da ake yi wa mazan da suka dawo daga daga.

Lantana ta ɗago daga bakin murhu. Ta dubi mijinta, ta dubi babur tun daga fitila har lamba.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce. "Da ka fita da shi, madubi biyu gare shi."